Yadda Sutudiyo Ya Shige Aljihu: Tarihin Manhajojin Haɗa Waƙa



Da yawa daga cikinmu ba labari kaɗai muke rubutawa ba. Akwai masu rubuta waƙa su ajiye a littafi, akwai masu rubutawa su miƙa wa mawaƙi ya rera, akwai kuma masu gwada muryarsu a waya a ɓoye in dare ya tsala. Ni ma ina cikin sahu. Shekarar da na gama difloma na ɗauki wata waƙa ƙwar biyar da na yi wata biyu ina sassaƙa, na kai ta wani ƙaramin sutudiyo. Ɗaki ɗaya ne, an lulluɓe bangonsa da soso da kwalin ƙwai, ga kwamfuta, ga makirufo, ga fanka da ake kashewa in za a ɗauki murya. Mai kiɗan ya saurari baiti ɗaya, ya juya ga allonsa ya daddanna wasu 'yan akwatuna da ke jere, kafin minti goma kiɗa ya tashi. Sannan ya ce, "Malam, wannan ɗangon naka ya yi tsawo, ba zai hau ba. Ka rage kalma biyu." Na ce a kan me zai hau? Ya nuna mini akwatunan. Na rage, aka naɗa, na biya na tafi. Sunan manhajar da ke kan allon FL Studio, kuma son sanin wanda ya jera akwatunan nan, da dalilin da ya sa suka kai yawan da suka kai, shi ya jefa ni cikin wannan tarihi.

Lokacin da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta naɗar sauti a 1877, da shekaru masu yawa bayan haka, naɗar waƙa na nufin kowa ya taru a ɗaki ɗaya a yi ta tashi guda. In makaɗi ɗaya ya yi tuntuɓe a baitin ƙarshe, sai a koma farko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zaren tef ya yaɗu, aka samu damar yanke inda aka yi kuskure da reza a liƙa gyara. Sai wani gwanin jita ɗan Amurka, Les Paul, ya dage kan naɗar sauti a kan sauti, har kamfanin Ampex ya ƙera masa rikoda mai layi takwas a 1957.

Wannan kalma ta layi ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, don haka bari in tsaya a kanta. Maimakon a zuba komai wuri guda, sai a ba ganga layinta, jita layinta, muryar jagora layinta, 'yan amshi nasu. In an gama ɗauka sai a zo aikin haɗawa, wanda 'yan sutudiyo ke kira mikisin: a ɗaga wannan, a sassauta wancan, a tura wani kunnen dama wani kunnen hagu, a ƙara wa murya ɗan amo, har su zauna lafiya da juna. Ƙungiyar Beatles ta Ingila da layi huɗu kacal ta naɗi shahararren faifanta Sgt. Pepper a 1967. In layukan suka cika sai a tattara su a juye kan layi ɗaya na wata rikodar, a samu fili a ci gaba. Amma waɗannan na'urori sai wane da wane. Kamfanin faifai ne ke da su, shi ke biyan kuɗin awa, saboda haka shi ke zaɓar muryar da duniya za ta ji.

Katangar ta fara tsagewa ne a 1979, kafin ma a zo maganar kwamfuta, lokacin da kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio 144. Akwati ne da mutum ɗaya zai ɗauka, yana naɗar layi huɗu a kan kaset irin wanda iyayenmu suka saurari Shata a kai. A farkon 1982 mawaƙi Bruce Springsteen ya zauna a ɗakinsa a jihar New Jersey ya naɗi wasu waƙoƙi da irin wannan akwati, da niyyar gwaji ne kawai. Da aka je babban sutudiyo aka sake yin su da cikakkun makaɗa, sai ya ga armashinsu ya gudu. Ƙarshe kaset ɗin gwajin aka mayar faifai, shi ne Nebraska.

A watan Janairun 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka jona fiyanon kamfanin Sequential Circuits na Dave Smith da na kamfanin Roland na Ikutaro Kakehashi da waya guda, aka taɓa ɗaya, ɗayan ya amsa. Sunan wannan yaren da na'urori ke magana da shi MIDI. Mu marubuta za mu fi kowa saurin gane shi, domin MIDI ba ya ɗauke da sauti, umarni yake ɗauka: wane madanni aka taɓa, da wane ƙarfi, tsawon wane lokaci. Rubutu ne, ba murya ba. Kuma duk abin da ya zama rubutu ana iya goge shi, a matsar da shi, a kwafe shi sau ɗari. Waɗanda suka tsara shi ba su sa masa kuɗin haya ba, kowane kamfani ya ɗauka. Kwamfutar Atari ST ta zo a 1985 da kafar MIDI a jikinta, kamfanin Steinberg na birnin Hambag a Jamus ya ɗora mata Cubase a 1989. Pro Tools, mai naɗar sautin kansa a cikin kwamfuta, ya fito a 1991 da layi huɗu, a kan kuɗi wajen dala dubu shida. A 1996 Steinberg ya kawo tsarin VST, wanda ya sa na'urorin gyaran sauti da a da ake saya a jibge a kanta suka koma 'yan ƙananan manhajoji.

Sai dai duk waɗannan don ƙwararru aka yi su. Fuskarsu ma kwaikwayon teburin babban sutudiyo ce, wanda bai taɓa zama gaban teburin ba, in ya buɗe su sai kansa ya ɗaure.

Wanda ya buɗe wa ɗan koyo ƙofa ba injiniyan sauti ba ne. Didier Dambrin mai rubuta wasannin kwamfuta ne a wani ƙaramin kamfani na ƙasar Beljiyam mai suna Image-Line. A ƙarshen 1997 ya haɗa wata 'yar manhaja ya sa mata suna FruityLoops. Ta farkon ko sautin kanta ba ta da shi, umarnin MIDI kawai take aikawa. Abin da ta zo da shi fuska ce: kowace ganga da layinta, a gaban kowane layi akwatuna goma sha shida. Ka danna akwati ya haska, in kiɗa ya zo daidai nan sai gangar ta buga, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ba shi ya ƙago tsarin ba, na'urorin ganga irin su Roland TR-808 ta 1980 suna da madannai goma sha shida a jere, amma shi ya sa shi gaban duk yaron da ke da kwamfuta da linzami. Ba sai ka iya fiyano ba, ba sai ka san rubutun kiɗa ba. In ka iya dara, ka iya wannan. Ina ganin kasancewarsa mai wasanni ne ya sa haka, domin mai tsara wasa ya san in mutum bai ji daɗi a minti biyar na farko ba, rufewa zai yi.

Ƙwararru suka yi ta yi mata dariya, wai abin wasan yara ce. Sunan ma bai taimaka ba, ga shi kamfanin Kellogg's mai abincin karin kumallon nan Froot Loops ya tayar da ƙura lokacin da aka nemi yi wa sunan rajista a Amurka. A 2003 aka mayar da ita FL Studio. A shekarar ce kuma 9th Wonder ya haɗa kiɗan "Threat" da ita, waƙar da ta shiga faifan Jay-Z mai suna The Black Album. A 2007 wani yaro ɗan shekara sha shida zuwa sha bakwai, Soulja Boy, ya yi "Crank That" da ita, waƙar ta yi mako bakwai a saman jadawalin Billboard. Daga nan masu dariya suka ragu. Akwai gaskiyar da ba a cika son faɗa ba: kwafin sata ya taka rawa sosai wajen yaɗa ta, musamman a ƙasashen da kuɗinta ya fi ƙarfin matashi. Kamfanin kuwa ya riƙe wata al'ada da ta ɗaure masa masu saye, wato in ka saya sau ɗaya, duk sabon fitowa kyauta ne har iya rayuwa.

Audacity ta bi wata hanyar daban. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon, ta fito a watan Mayun 2000, kyauta, kuma kowa na iya duba cikinta ya gyara. Ba ta haɗa kiɗa kamar FL Studio, aikinta naɗa, yanka, liƙawa da rage hayaniya. Ga 'yan uwa masu son karanta littattafansu a naɗa a sa a YouTube, ita ce zan ce a fara da ita, domin reza ce da gam, ba wani abu ba.

Yanzu ga wadda ta fi shiga kunnenmu. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aiki a harkar neman man fetur, inda ake aika girgiza cikin ƙasa a saurari amon da ya dawo a lissafa abin da ke kwance a can. Wannan lissafin ya juyo da shi kan muryar ɗan Adam, kamfaninsa Antares ya fito da Auto-Tune a 1997. Aikinta shi ne ta auna inda murya take, ta jawo ta zuwa matakin sauti mafi kusa a ma'aunin da aka zaɓa. Niyyarsa a yi gyaran a ɓoye, a hankali, mai saurare bai sani ba. Amma akwai wani maɓalli na saurin jawowa. A 1998 masu haɗa waƙar "Believe" ta Cher suka murɗa shi har ƙarshe, sai muryar ta daina sulalewa daga mataki zuwa mataki, ta koma tsalle, da wani karkarwa kamar na inji. Da aka tambaye su yadda suka yi, sai suka ce wata na'ura ce daban, don kada a gane sirrin. Abin da aka yi don ɓoye kuskure ya zama ado, T-Pain ya mayar da shi tambarinsa a tsakiyar shekarun 2000.

Apple ya sayi kamfanin Emagic na Jamus, masu manhajar Logic, a 2002, sannan a watan Janairun 2004 Steve Jobs ya gabatar da GarageBand, wadda aka riƙa sakawa a cikin sabbin kwamfutocin kamfanin. Ta zo da rumbun gutsattsarin kiɗa da aka riga aka buga, kai dai ka jawo ka ajiye, su daidaita saurinsu da kansu. Gangar da ke ƙarƙashin "Umbrella" ta Rihanna ta 2007 daga wannan rumbu aka ɗauko ta. A 2011 manhajar ta shiga iPad da iPhone, har Steve Lacy ya haɗa kiɗan "Pride" na faifan Kendrick Lamar na 2017 a wayarsa. BandLab ta Singafo ta zo a 2015, kyauta, tana aiki a wayar Android, wadda ita ce a hannun yawancinmu. Layi huɗun da Beatles suka yi ta dabara a kai, yau wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ta ninka su.

Duk abin da na lissafo a Turai da Amurka da Asiya aka ƙera shi, amma bai tsaya can ba, kuma yadda ya sauka a wajenmu yana da nasa labarin. Muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun iso mana ne ta faifan garmaho, kaset da gidajen rediyo, a tsarin nan na kowa ya taru a yi tashi guda. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai buƙatar waƙa ta yi yawa, kuma tara makaɗa kowane fim ba ƙaramin kuɗi ba ne. Fiyanon Yamaha, jerin PSR, ya cike gurbin. Mutum ɗaya da yatsu goma ya zama mai ganga, mai sarewa, mai goge. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 tana cikin waɗanda suka tabbatar da cewa kiɗan fiyano ya zauna. Da kwamfuta ta yi araha sai ta tarar da gida a share, domin kunne ya riga ya saba.

Kuma ba karɓa kawai muka yi ba. Yadda sutudiyon Arewa suka riƙe Auto-Tune, a murɗe ta sosai a kan siririyar murya mai salon waƙar Indiya, ya zama sauti na kansa da ake gane shi daga nesa. A 2008 Mdou Moctar, Ba'abzine mai jita daga Nijar, ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, da wannan salo na ganga ta inji da muryar Auto-Tune. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori a faɗin Sahel, har ɗaya ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones na kamfanin Sahel Sounds, daga nan sunansa ya fita duniya. Wannan kamfani ya kuma fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013. Don haka ba na cikin masu cewa kwamfuta ta kashe waƙar Hausa. Yaron da ba a haife shi gidan makaɗa ba, da yarinyar da ba za a bar ta ta bi tawaga ba, wannan ƙofa ce ta shigo da su.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Manhaja tana zama mai sauƙi ne idan wani ya riga ya yanke maka shawara tun kafin ka buɗe ta. Ka buɗe sabon aiki a GarageBand, za ka tarar an sa maka bugu 120 a minti, awo huɗu-huɗu, da ma'aunin sauti na fiyanon Turawa. Ka buɗe FL Studio, ga akwatuna goma sha shida, wato bugu huɗu, kowanne an raba shi huɗu. Wannan shi ne awon kiɗan rawa na Turai da Amurka, wanda Dambrin yake ji a kewayensa. Da yawa daga cikin kaɗe-kaɗenmu na gargajiya kuwa uku-uku suke tafiya, kuma sha shida ba ta rabuwa gida uku. Akwatuna goma sha biyu suke buƙata. Mai kiɗan da bai san inda ake sauyawa ba, ko yake da mutum biyar a waje suna jiran layi, zai tanƙwara kiɗan ne ya shiga sha shida, sannan ya tanƙwara waƙarka ta bi kiɗan.

Ga mai rubutacciyar waƙa abin ya fi ciwo, domin karinmu a kan nauyin gaɓa yake, doguwa da gajera, kuma in ka cire kalma biyu daga ɗango ba tsawo kawai ka rage ba, ƙafar baitin ka karya. Haka batun murya. Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne ke raba wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha, shi ke raba kukan yaro da kukar miya. Mai kalangu yana matse tsarkiya da hammata yana saki, sautin na sulalewa sama da ƙasa yana bin magana, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. Kalangun da aka naɗi bugu ɗaya nasa aka ajiye a akwati, sau dubu ka danna shi abu ɗaya zai faɗa. Auto-Tune kuma in an murɗe ta har ƙarshe, wannan sulalewar ce abin farko da take yankewa. Mawaƙi na rera abinsa, amma wani ɓangare na lanƙwasar da ke sa kalma ta fito da ma'anarta ya tafi, shi ya sa wani lokaci sai ka ji waƙa sau uku kafin ka kama abin da aka ce.

Abin da ya ba ni haushi da na gano shi ne, duk waɗannan ana iya sauya su. Auto-Tune tana da maɓallin sassautawa, tana ma da wasu ma'aunan sauti da ba na Turawa ba a cikin jerinta. Ana iya kashe maganaɗisun da ke jawo kowane bugu kan layi, a bar hannun makaɗi yadda ya sauka. Ana iya kiran mai kalangu na gaske a ba shi layi ɗaya ya buga daga farko har ƙarshe. A FL Studio tun da daɗewa ana iya sauya yawan bugun aiki gaba ɗaya, sannan fitowa ta 20 a 2018 ta ba da damar sauya awo a tsakiyar waƙa. Ana kuma iya juya tsarin aikin: a fara naɗar murya ita kaɗai, marubuci ya rera yadda karin waƙarsa ya nema, sannan a gina kiɗa a ƙarƙashinta. Wannan ya fi cin lokaci, kuma mai sutudiyon da ake biya kan kowace waƙa ba zai kawo maka shawarar da kansa ba. Ban ga laifinsa ba. Kai mai baitin ne za ka nema, kuma sai ka san akwai abin kafin ka nema.

Daga baya na sa manhajar gwaji a kwamfutar wani abokina, na shiga saitin aikin na mayar da bugun uku-uku, akwatunan suka koma goma sha biyu. Na ɗauko littafin da waƙar take, inda na ja wa kalmomi biyun nan layi da jan biro, na rera ɗangon da su a ciki. Ya hau daram, har da ɗan filin numfashi a ƙarshe.